Hangen Sen Luwis Ba Shiga Birni Ba

 

Takardar da aka raba muku a bakin ƙofa kwafi ce. Ta asalin tana nan a hannuna, kuma idan an tashi duk mai so ya zo ya duba, da sharaɗin hannunsa ya kasance a bushe, domin ta girmi kakan kowa a ɗakin nan. Shekarunta sun kai 150. Zanen birnin Sen Luwis ne, wanda ke bakin kogin Misisipi a jihar Misuri ta Amurka, kuma shafi ne daga wani babban littafi mai suna Picturesque America, wanda kamfanin Appleton ya buga tsakanin 1872 da 1874. Ba a dunƙule littafin ya fito ba. Kashi-kashi aka riƙa fitar da shi har kashi 48, kowane kashi rabin dala, wakilai suna bi gida-gida suna kai wa waɗanda suka rubuta suna. Wanda ya tara duka sai ya kai a ɗinke masa mujalladi biyu, ya ajiye a falo inda baƙi za su gani. A ƙasan hoton akwai sunaye biyu da ƙananan baƙaƙe: A. C. Warren, wanda ya zana, da R. Hinshelwood, wanda ya sassaƙa.

Bari in fara da wannan na biyun, don shi ne ake mantawa da shi.

Wanda ya taɓa tsayawa gaban maƙerin fari yana yi wa tire ado ya ga rabin sana'ar. Mai sassaƙa yana ɗaukar farantin ƙarfe da aka goge har ya zama kamar madubi, ya riƙe wani ɗan ƙarfe mai tsini wanda ƙotarsa ke zama cikin tafin hannu, ya riƙa tura shi yana yanka layi. Wani ɓangaren aikin kuma ruwan asid ake sa wa ya ci. Ba shi da launi, ba shi da inuwa. Layi kawai yake da shi. Inda yake son duhu sai ya matse layukan ya zurfafa su, inda yake son haske ya buɗa su. Sannan komai a juye yake yin sa, dama ta koma hagu, kamar yadda mai yanka hatimi yake rubuta sunanka a baibai don ya fito daidai a takarda. Idan ya gama, sai a shafe farantin da tawada, a goge samansa tas, tawadar ta saura cikin ramukan kaɗai. A jiƙa takarda, a ɗora, a matse da injin mai nauyi har takardar ta shiga ramukan ta tsotso tawadar. Shi ya sa idan ka shafa irin wannan hoto za ka ji layukan sun ɗan taso. Kowa a nan ya taɓa jin wannan a yatsarsa: ku shafa sabuwar takardar kuɗi a wajen hoton mutumin da ke jiki. Dabarar ɗaya ce, kuma asali ma don kuɗin aka ƙirƙiro ta. Wani Ba'amurke, Jacob Perkins, shi ya gano yadda za a tausasa ƙarfe a sassaƙa sannan a sake taurara shi, don a wahalar da masu buga jabu. Kafin nan jan ƙarfe ake amfani da shi, wanda ke siɗewa da wuri. Baƙin ƙarfe mai tauri kuwa sai a buga dubun dubata bai gaji ba. Faranti ɗaya yakan ci watanni a hannun mutum ɗaya.

Na tsaya a kan wannan ne don a gane cewa aikin da ya ci watanni da kuɗi masu yawa ba a yin sa don nishaɗin mai yi. Sayarwa za a yi. Waɗanda za su saya kuwa mutanen ƙasar da ta fito daga yaƙin basasa shekara bakwai kacal da suka wuce ne, suna son a nuna musu cewa ƙasarsu kyakkyawa ce kuma ɗaya ce. Don haka wannan hoto kirari ne. Maroƙi ba dole ya yi ƙarya ba. Abin da ya faɗa game da ubangidansa yakan kasance gaskiya. Gwanintarsa tana cikin abin da ya tsallake.

To, me aka faɗa? Kogi a gaba, mai faɗi. Jiragen ruwa masu tafiya da tururi, da dogayen bututun hayaƙinsu. A bayansu gine-gine sun jeru bisa gaɓa. Hange ne daga nesa, irin wanda baƙo ke yi kafin ya iso. Mu kuwa mun san hangen Dala ba shiga birni ba ne. Tun da na ambaci Dala, akwai wani ɗan'uwan wannan hoto da ya shafe mu: zanen Kano daga kan dutsen Dala da ke cikin littafin tafiye-tafiyen Heinrich Barth, wanda ya shiga birnin a 1851. Barth ya yi ɗan zanensa, wani mai zane kuma a Jamus, Bernatz, ya ƙawata shi don bugawa. Haka zamanin yake: ido daban, hannu daban, mai saye daban.

Mu shiga birnin Sen Luwis.

Faransawa 'yan kasuwar fata ne suka kafa shi a 1764: Pierre Laclède da ɗan matarsa Auguste Chouteau, wanda a lokacin yaro ne ɗan kimanin shekara 14. Suka raɗa masa sunan wani tsohon sarkin Faransa, Luwis na 9, ba su sani ba ashe tun 1762 Faransa ta miƙa yankin ga Sifen a asirce. Wurin da suka zaɓa ya nuna sun san abin da suke yi: tudu ne da ambaliya ba ta cika hawa ba, kuma 'yan mil kaɗan ne ƙasa da inda kogin Misuri ya faɗa cikin Misisipi. Duk fatar da ta gangaro daga yamma sai ta biyo ta ƙofarsu. A 1803 Napoleon, da yankin ya dawo hannunsa, ya sayar wa Amurka da shi kan dala miliyan 15. A watan Maris na 1804 aka sauke tutar Sifen a garin, aka ɗaga ta Faransa ta kwana ɗaya, washegari aka ɗaga ta Amurka. Tuta uku cikin kwana biyu, mutanen gari suna kallo.

Jirgin tururi na farko ya iso a 1817, kuma daga nan ne labarin da hoton ke yi wa kirari ya fara. Kafin tururi, gangarawa zuwa Niyu Olins kusa da teku ba wuya, ruwa ne ke kai ka. Dawowar ce azaba: watanni ana tura kwale-kwale da gora ana ja da igiya. Mutane da yawa sukan sayar da jirgin a matsayin katako su komo da ƙafa. Tururi ya mai da watanni kwanaki. A 1840 mutanen birnin ba su kai 17,000 ba. A 1850 sun kusa 78,000, a 1860 sun haura 160,000, yawancin sababbin zuwan Jamusawa ne da 'yan Ailan. Jirage sukan jeru a gaɓa har tsawon mil guda, hanci a ƙasa, ana sauke sukari da gishiri da ƙarfe ana loda fata da dalma da hatsi.

A zane jiragen nan kamar fadoji suke bisa ruwa. A zahiri katako ne busasshe da aka shafe da fenti, aka ɗora masa tukunyar wuta a ciki. Da wuya jirgi ya wuce shekara biyar. In bai hau kututturen itacen da ke ɓoye ƙarƙashin ruwa ba, tukunyarsa ta fashe. In bai fashe ba, ya ƙone. A daren 17 ga Mayu 1849 wuta ta kama wani jirgi mai suna White Cloud. Igiyarsa ta ƙone, ya sulale yana bin sahun 'yan uwansa yana rarraba musu wuta, har jirage 23 suka ƙone. Iska ta kwashi wutar ta kai kan kayan da ke jibge a gaɓa, daga nan ta shiga gari ta cinye gine-gine sama da 400. Da ruwan kashe gobara ya gaza, sai aka koma rushe gidaje da albarushi don a yanke wa wutar hanya, kuma a nan ne wani shugaban 'yan kwana-kwana, Thomas Targee, ya rasa ransa. Ana wata ga wata: a wannan shekarar dai kwalara ta kashe sama da mutum 4,000 a birnin. Abin da ya kamata ku lura da shi a nan shi ne, gine-ginen da kuke gani jere a bakin ruwa a hotunan bayan 1849 na bulo da ƙarfe ne saboda bayan gobarar hukuma ta hana gini da katako a wurin. Kyan da mai zane ya samu, gobara ce ta haifa masa shi.

Yanzu ga abin da ba a zana ba kwata-kwata. Laƙabin Sen Luwis na farko shi ne birnin tuddai, domin Faransawa sun tarar da tuddai sama da 20 na ginin hannu a wurin. A tsallaken kogin, tazarar kilomita 13, akwai kufan Kahokiya, birnin 'yan asalin ƙasar wanda a wajajen shekara ta 1100 yake da mutum dubu 10 zuwa 20, kuma babban tudunsa ya kai mita 30. Wato akwai birni a wannan mahaɗar ruwa ɗaruruwan shekaru kafin Bature ya iso wurin. Tuddan da ke cikin Sen Luwis ɗaya bayan ɗaya aka baje su. Mafi girmansu an gama kwashe shi a 1869, aka yi cikon hanyar jirgin ƙasa da ƙasarsa, da ƙasusuwan da ke ciki. Shekara uku ke nan kafin littafinmu ya fara fitowa. Guda ɗaya tak ya saura a yau, kuma al'ummar Osej ta 'yan asalin ƙasar ce ta sayi samansa a 2009 don kada ya bi sauran.

A hotunan birnin na wancan zamani, ƙubbar da ta fi fitowa sama da rufin gidaje ta kotu ce. Mai kallo a falonsa zai ga alamar doka da oda. A kan matakalar wannan kotu ake gwanjon bayi idan mai su ya mutu za a raba gado ko ya ci bashi ya kasa biya. Misuri jihar bauta ce har watan Janairun 1865, kuma kogin da ke kai alkama kudu shi ke kai mutane gonakin auduga da rake. William Wells Brown, wanda ya tashi bawa a birnin, ya yi aiki a jiragen nan kafin ya tsere a 1834, ya ba da labari a littafin tarihin rayuwarsa cewa an taɓa ba da hayarsa ga wani dillalin bayi. Cikin ayyukansa a jirgi har da tuge wa tsofaffi furfura da shafa musu baƙi a ka, don su yi kuɗi a kasuwar Niyu Olins. Duk lokacin da na kalli wannan hoton da aka goge shi fes, wannan aikin na Brown nake tunawa. Shi ma mai zane furfura yake tugewa.

A wannan kotu ne kuma, a 1846, wani bawa mai suna Dred Scott da matarsa Harriet suka shigar da ƙara suna neman 'yanci, bisa hujjar cewa ubangidansu, likitan soja, ya zauna da su shekaru a yankunan da doka ta haramta bauta. Irin wannan ƙara ba baƙuwa ba ce a Sen Luwis, kuma wasu sun yi nasara kafin su. Su ma sun ci a 1850, sai kotun ƙolin jiha ta soke. Magana ta kai Kotun Ƙolin Amurka, inda a ranar 6 ga Maris 1857 alƙalin alƙalai Roger Taney ya karanta hukuncin cewa baƙar fata, bawa ne ko ɗa, ba ɗan ƙasa ba ne, don haka ba shi da bakin kai ƙara a kotun tarayya. Hukuncin nan yana cikin abubuwan da suka hura wutar yaƙin basasa. Shi Scott, bayan wata biyu da 'yan kwanaki, iyalan tsohon ubangidansa na farko suka 'yanta shi a wannan kotun dai. Ya yi aikin dako a wani otal, tarin fuka ya kashe shi a 1858. Shekara goma sha ɗaya yana shari'a, shekara ɗaya da 'yan watanni ya yi a matsayin ɗa.

Na zo kan abin da ya fi ba ni mamaki game da takardar nan, wato shekarar da aka buga ta. A lokacin da Hinshelwood yake sunkuye yana yanka bututun hayaƙin jirage, zamanin jiragen ya riga ya juya baya, kuma manyan garin sun sani.

Abokiyar hamayyar Sen Luwis ita ce Shikago, wadda ba ta da babban kogi amma ta rungumi layin dogo. Kogi kudu yake tafiya. Kuɗin Amurka kuwa gabas da yamma suke tafiya. A 1856 layin dogon da ya taso daga Shikago ya tsallaka Misisipi a kan gada a Rock Island, can arewa. Ba a yi wata guda ba wani jirgin ruwa, Effie Afton, ya daki ƙafar gadar ya kama da wuta. Masu jirgin suka kai ƙara, 'yan kasuwar Sen Luwis suka mara musu baya suna fatan a rushe gadar. Cikin lauyoyin da suka tsaya wa gadar akwai wani dogon mutum daga Ilinoi mai suna Abraham Lincoln. Gada ta tsaya. Yaƙin basasa kuma ya zo ya toshe hanyar kudu. A Sen Luwis kanta, kayan da jirgin ƙasa ya kawo daga gabas sai an sauke su a tsallake, a loda a jirgin fito na wani kamfani guda da ya mamaye harkar, in hunturu ya yi ƙanƙara ta daskarar da kogi kuma sai a zauna jira.

Wanda ya fitar da su daga wannan ƙangi mutumin kogi ne, James Eads. Bai yi karatun injiniya a makaranta ba, bai kuma taɓa gina gada ba. Arzikinsa ya tara ne daga tsamo kayan jiragen da suka nutse, inda shi da kansa yake shiga cikin wata ganga a saukar da shi ƙasan ruwa. Saboda haka ya san abin da masu digiri ba su sani ba: yashin ƙasan Misisipi tafiya yake yi, duk abin da aka kafa a kansa sai ruwa ya kwashe. Ya dage sai ƙafafun gadar sun taka dutse. Aka ƙera manyan akwatunan ƙarfe marasa gindi, aka kife su a ruwa, ana cusa musu iska da ƙarfi don ta hana ruwa shiga, leburori suna ciki da kyandir suna haƙa yashi, ana gina dutse a sama akwatin yana nutsewa, har zurfin kusan mita 30. Mutum ya fito lafiya ƙalau, can anjima ya dunƙule don ciwon gaɓoɓi, wani ya shanye, wani ya faɗi matacce. Ba a san dalili ba a lokacin. Fitowa da gaggawa daga iska mai matsi ce ke sa jini ya yi kumfa. Sama da mutum goma suka mutu. Likitan aikin, Alphonse Jaminet, shi ma sai da ciwon ya kwantar da shi.

Masu jiragen ruwa ba su yi shiru ba. Suka ce bakunan gadar sun yi ƙasa, bututunsu ba za su wuce ba, har injiniyoyin soja suka ba da shawarar a haƙa musu wata hanyar ruwa ta kewaye. Shugaban ƙasa Grant ya yi watsi da shawarar. Da aka gama, jama'a suna ɗar-ɗar da wannan sabuwar gada ta ƙarfe, sai aka kora giwa ta tsallaka, don an yi imani giwa ba ta taka abin da ba zai ɗauke ta ba. Bayan giwa aka jera kawunan jirgin ƙasa 14. An buɗe gadar ranar 4 ga Yuli 1874, shekarar da kashin ƙarshe na littafinmu ya fito. Kamfanin da ya gina ta ya karye a shekarar da ta biyo.

Kirari bai tsaya a kan takardar zane ba. Wani ɗan jarida, Logan Reavis, ya shafe shekaru yana yekuwar a ɗauke fadar gwamnati daga Washinton a dawo da ita Sen Luwis. Ƙidayar 1870 ta ba birnin mutum 310,864, Shikago kuma 298,977, aka yi ta murna, ko da yake masana tarihi sun daɗe suna cewa an yi wa lissafin aringizo. Ƙidayar 1880 ta raba gardama: Shikago ta haura 500,000, Sen Luwis tana wajen 350,000. Marubuci Mark Twain, wanda ya yi tuƙin jirgi a kogin a ƙuruciyarsa, ya dawo a 1882 ya tarar da jirage 'yan ƙalilan suna barci a gaɓar da ya sani cike.

Hayaƙin da masu zane ke murɗawa sama a matsayin alamar arziki shi ma ya zo ya karɓi bashinsa. Gawayin ƙasa mai arha na Ilinoi birnin yake ƙonawa, har a ranar 28 ga Nuwamba 1939 sai da aka kunna fitilun titi da tsakar rana. A wannan shekarar ne kuma aka fara rushe unguwar bakin kogin baki ɗaya, kimanin layi 40 na gine-ginen nan na bayan gobara, don a yi dandalin tunawa da faɗaɗar Amurka zuwa yamma. Fili ya zauna shekaru ana ajiye motoci, kafin a kammala wani baka na farin ƙarfe mai tsawon mita 192 a 1965, wanda yanzu shi ne tambarin birnin. Don a tuna da tsohon gari, tsohon garin aka share. A 1950 mutanen birnin sun kai 856,796; a 2020 sun koma 301,578, ƙasa da abin da aka rubuta a 1870. Adalci dai a faɗa cewa iyakar birnin a daskare take tun 1876, kuma da yawa sun koma unguwannin kewaye ne, inda jimilla ta kusa miliyan uku.

Ita ma takardar tawa ba ta tsira ba. Ku dubi gefenta na hagu idan kun zo: za ku ga inda reza ta bi. Dillalan tsofaffin kaya sun gano cewa littafin a dunƙule bai kai kuɗin hotunansa a warwatse ba, don haka sai su fede shi su sayar shafi-shafi, wasu ma su shafa wa hoton launin da bai taɓa samu a 1874 ba. Bayanin da aka rubuta don ya raka wannan hoto yana wani wuri, ko ya shiga shara.

Wanda ya je Sen Luwis yau ya tsaya a gaɓar Ilinoi yana riƙe da wannan takarda, abubuwa kaɗan zai iya haɗawa da abin da ke gabansa. Akwai tsohuwar majami'ar Katolika ta 1834. Akwai ƙubbar kotu, wadda yanzu gidan tarihi ce, da mutum-mutumin Dred da Harriet Scott a wajenta. Akwai gadar Eads, motoci suna bi ta sama, jirgin ƙasa na cikin gari yana bi ta ƙasa. Sai kogin, wanda har gobe yake ɗaukar masara da waken suya zuwa teku a cikin manyan kwale-kwalen ƙarfe da ake ɗaurewa goma sha biyar-biyar, jirgi ɗaya yana tura su daga baya.